Ranar da Kwamfutar Hajiya Talatu Ta Ƙi Tashi

Ku samarin da kuke zuwa bakin shagona kuna leƙe, na san abin da kuke faɗa idan kun juya baya. Kuna cewa aikin Baba Sale ba wani aiki ba ne, ya cire wannan ya sa wancan, ya hura ƙura, kwamfuta ta tashi. Wani a cikinku har ce mini ya yi ya kalli yadda ake yi a waya, sati biyu sun ishe shi ya buɗe nasa shagon. To, ku ja benci ku zauna. Waya za ta nuna muku inda ake kwance sukuru, ban musa ba. Amma ba za ta nuna muku mutumin da ya kawo kwamfutar ba, da abin da ya faɗa, da abin da ya haɗiye.

Ni da rediyo na fara. Mahaifina ne ya kama hannuna daga Ƙofar Ran ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bayan Kasuwar Muda Lawal, sunansa Baba Iliya, mutumin wajen Bogoro. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina shi ne in kwance sukuru in jera su a murfin gwangwanin madara, kowanne bisa yadda ya fito. Wata rana wani direban babbar mota ya kawo rediyo, ya rantse haka kawai ta yi shiru, babu abin da ya same ta. Baba Iliya bai ɗauki sukundireba ba. Ya kai hancinsa bayan rediyon ya shinshina, sannan ya miƙo mini.

"Sale, me ka ji?"

"Ban ji komai ba, Baba."

"Sake."

Na sake, sai na ji tsami-tsami kamar na kwanon da aka manta ba a wanke ba. Da muka buɗe, kunun tsamiya ne ya bushe a kan allon wayoyin cikinta. Direban ya sosa ƙeya ya ce ai ɗan kaɗan ne ya zube, bai zaci ya shiga ciki ba. Bayan ya tafi Baba Iliya ya ce mini, "Ba maƙaryaci ba ne. Kowa haka yake. In ka saurari mai kaya ka gama, sai ka koma ka tambayi kayan."

Shekara shida na yi a hannunsa. Lokacin da kwamfutoci suka fara cika ofisoshi da shagunan buga takardu ya riga ya koma gida, ido ya yi rauni. Ni kaɗai na koyi kwamfuta, a kan matattun da ake jefarwa. Amma hancin da idon nasa ne.

Kayan aikina ga su nan, ba su fi cikin jakar nan ba: mita ta auna wuta, testa, sukundireba uku, tocila, burushin fenti mai laushi, roba ta goge fensir, guntuwar waya da na lanƙwasa, da gilashin da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Sai fawa-fak guda mai lafiya da ba na rabuwa da shi. Fawa-fak shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka a can bayan kwamfutar tebur, wanda yake karɓar wutar bango ya tace ta, ya raba wa sauran kayan ciki daidai abin da za su iya sha. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, galibi shi ne yake fara shan duka.

Wani lauya ya taɓa aiko mota takanas aka ɗauke ni zuwa ofishinsa, wai an ɗauke wuta da safe, tun daga nan kwamfutarsa ta mutu, shari'a kuma gobe. Na tarar har ya sa an kira mai sayar da sabuwa. Na durƙusa ƙarƙashin tebur na sa testa a soket, wuta na nan. Na bi waya na kai kan fulogi, na kwance, fis ɗin ciki ne ya tsinke, abu kamar ƙwayar wake. Minti biyar ban cika ba. Shi ya sa kullum nake farawa daga bango, ba daga ciki ba. Soket, sannan waya, sannan fulogi. In duk lafiya, sai in zare wayar, in danne makunnin gaba in riƙe shi kamar tsawon karanta Fatiha sau biyu, wutar da ta maƙale a ciki ta zube, in mayar in gwada. Da yawa a nan suke tashi. Wanda ya fara da kwance ciki yakan ƙara wa kwamfuta ciwon da ba ta zo da shi ba.

Shekarar da ta fi kowace muni a gare ni, ba hannuna ne ya jawo ta ba. Wata Juma'a na tafi masallaci na bar kwamfutoci shida a kan benci, huɗu a jone ina gwada su. Wata tifa ta zo wucewa ta layinmu ta ja wayar sama, wuta ta shigo shagunanmu ninki. Na dawo na tarar da hayaƙi na fita ta ƙasan ƙofa. Huɗun nan duk sun tafi, har da mitar da Baba Iliya ya bar mini. Uku daga masu kayan suka ce ƙaddara ce. Na huɗun, mai shagon buga takardu, ya ce ƙarya nake yi, na cire kayan cikin tasa masu kyau na zuba ƙonannu. Ya kai ni ƙara, na yini a ofishin 'yan sanda, maƙwabtana masu shaguna suka zo suka ba da shaida aka sake ni. Amma maganar ta riga ta zaga. Kusan shekara guda shagon nan sai in share shi da safe in rufe da yamma, babu wanda ya leƙo. Har gyaran tocila da fankar tebur na koma yi. Tun daga lokacin na ɗaukar wa kaina abu biyu: ba na fita in bar komai a jone, kuma ba na buɗe kwamfutar kowa sai mai ita yana tsaye yana gani.

To, aikin da nake so ku ji shi ne na wata makarantar kuɗi a Gwallameji. Ba zan faɗi sunanta ba. Mai makarantar, Hajiya Talatu, ita ta kira ni ranar wata Talata da safe. Ta ce an ɗauke wuta ranar Alhamis da rana, ba a dawo da ita ba har aka tashi. Ranar Litinin sakatariyarta ta zo kunna kwamfutar ofis, ta ƙi tashi. Sakamakon jarrabawar dukan makarantar yana ciki, ranar Juma'a kuma za a raba wa iyaye kati. Na tambaye ta ko akwai kwafi a wani wuri. Ta ce babu.

Na tari keke na tafi. Ofishin ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, na tarar da mutum uku. Hajiya Talatu tana zaune a kujerar baƙi, babbar mace mai tabarau, ta ɗora jaka a cinya. Sakatariyar, Rifkatu, tana tsaye jikin bango, idonta ya kumbura, shekararta bakwai a wannan tebur kamar yadda na ji daga baya. Na ukun shi ne Malam Nasiru, malamin da ke kula da jarrabawa, mai fara'a, da jan biro a aljihun riga. Shi ya tarbe ni tun daga ƙofa ya karɓi jakata.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Ai mun wahalar da kai a banza. Ta ƙone ƙurmus, har wari muka ji. Na gaya wa Hajiya a sayi sabuwa kawai."

"Bari dai mu gani, Malam," na ce.

Hajiya ta nuna Rifkatu da haɓa. "Malam Sale, ga wadda ta ƙona ta nan. Sau nawa nake cewa in an ɗauke wuta a kashe soket kafin a tafi? Ta bar shi a kunne kwana huɗu. In sakamakon nan ya salwanta, yau za ta bar mini makaranta."

"Hajiya, na kashe," in ji Rifkatu, murya ƙasa-ƙasa. "Allah ya sani na kashe."

"Yi mini shiru."

Na durƙusa. Soket na bango yana da wuta. Daga shi akwai istenshan mai baki huɗu, an jona kwamfutar, da sikirin ɗinta, da firinta, da fankar tebur. Na kunna fankar, ta juya. Na kunna firinta, ta yi ƙugi ta tashi. Sikirin ya kawo 'yar fitilarsa. Fis ɗin fulogi lafiya. A nan na fara jin abin bai zauna mini ba. Wutar da ta shigo da haukan da zai kashe kwamfuta, da wuya ta wuce firinta da sikirin da ke layi ɗaya da ita ba ta ko lashe su ba. Yana faruwa, amma ba kasafai ba.

Na ɗago na dubi Rifkatu. "'Yata, ranar Litinin da kika zo, gaya mini abin da kika yi, ɗaya bayan ɗaya."

"Na buɗe ofis, Baba. Na ga akwai wuta. Na kunna soket na bango. Ina kunnawa na ji tas a bayan kwamfutar, sai wari."

"Kin danna makunnin gaba tukuna?"

"Ban kai ga dannawa ba."

"Kin tabbata a kunnenki kika ji ƙarar? Ba tarar da warin kika yi ba?"

"A kunnena. Har mai shara ta ji, ta leƙo."

Na juya wurin Hajiya. "Ranki ya daɗe, yaushe aka dawo da wuta a unguwar nan?"

"Ranar Asabar, in ji maigadi."

"To, da ta bar soket a kunne, tun Asabar abin zai fashe, ofis a rufe, babu mai ji. Tun da sai Litinin ya fashe, lokacin da ta kunna, soket a kashe yake."

Hajiya ta gyara tabarau. Malam Nasiru ya yi 'yar dariya. "Ko ma dai yaya ne, Injiniya, ta ƙone. Abin da ke ciki ya tafi ke nan, ko?"

"Ban sani ba tukuna."

Na jawo kwamfutar na juya bayanta wajen taga. Na shinshina fankar fawa-fak, warin ƙuna ne sosai, wannan ba ƙarya. Na haska tocila. Bayanta ya yi ƙura, irin mai kauri da ta shekara ba a taɓa ba. Sukurun murfi biyu ƙura ta cike kansu, wato ba wanda ya buɗe cikin kwanan nan. Amma wuri ɗaya fes yake, kamar faɗin babban yatsa.

Tsofaffin fawa-fak suna da wani ɗan jan makunni a baya, kwance a cikin rami, ba ya motsi sai an sa wani abu mai tsini an tura shi da gangan. Gefe ɗaya na irin wutarmu ne, ɗaya gefen na ƙasashen da wutarsu ba ta kai rabin ƙarfin tamu ba. In ka tura shi can ka jona a bangonmu, ko daƙiƙa ba ya yi zai fashe. Wannan an tura shi can. Na maƙala gilashi a ido na duba. A jikin ƙarfen da ke gefen ramin akwai ɗan zane siriri, inda bakin biro ya zame, da jan tawada.

Ban ɗago nan da nan ba. Na ci gaba da goge-goge da burushi kamar ina neman wani abu, ina lissafin mutanen da ke bayana. Malam Nasiru yana da jan biro, amma kowane malami a makarantar yana da shi, kuma wanda ya yi abu da jan biro ba lalle ya bar shi a aljihu yana yawo ba. Rifkatu ce ke da makullin ofis, kuma kukan mutum bai taɓa zama mini shaida ba, na ga masu kuka da yawa. Ita kanta Hajiya ban cire ta ba. Ta yi saurin yanke hukunci, tun kafin a duba.

"Ranki ya daɗe," na ce, har yanzu ina durƙushe, "akwai wani abu da aka shirya yi da kwamfutar nan ranar Litinin, ban da buga kati?"

Ta ce, "Wani uba ya kawo ƙorafi. Ya ce 'yarsa ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu tun daga aji ɗaya, bana an ce masa ta biyar za ta zo, alhali ya ga takardun jarrabawarta. Na ce ranar Litinin zan zauna da kaina in gwada makin da ke kwamfuta da na takardun malamai."

"Wa ya san za ki yi haka?"

"A taron malamai na faɗa, ranar Laraba."

Malam Nasiru ya ce, "Injiniya, in ta mutu ka bar ta kawai, ni zan kai ta wurin masu sayen tsofaffin kaya, kada ta cika mana wuri. Ai ba a iya ciro komai daga wadda ta ƙone, ko?"

Karo na biyu ke nan da ya yi wannan tambaya. Na miƙe na ce su matso duka su uku. Na haska musu jan makunnin, na yi musu bayaninsa kamar yadda na yi muku yanzu. Na ce, "Wannan ba ya tura kansa, kuma wuta ba ta da yatsa. Mutum ne ya tura shi, lokacin da babu wuta. Da akwai wuta, a hannunsa zai fashe."

Hayaniyar yara na tashi daga azuzuwa. Ina kallon Malam Nasiru, ina jiran in ga abin da fuskarsa za ta yi. Sai maganar ta fito daga inda ban zata ba.

"Ni na tura shi," in ji Rifkatu.

Hajiya ta miƙe tsaye. "Ke?"

"Ni ce, Hajiya. Ranar Alhamis da aka ɗauke wuta, ina haɗa jakata, Malam Nasiru ya shigo. Ya ce wutar kwanakin nan da ƙarfi take dawowa, kashe soket kaɗai ba ya isa. Ya ce akwai jan abu a baya, makullin kariya ne, in tura shi in bar shi haka. Farcena ya kasa, ya ba ni bironsa. Tun da na ji ƙarar nan jiya jikina ya ba ni, amma tsoro ya hana ni faɗa."

"Innalillahi," in ji Malam Nasiru. "Ni? Madam Rifkatu, ki ji tsoron Allah. Ni me na sani a kwamfuta? Ranar Alhamis ko ofishin nan ban shigo ba."

Hajiya ta juyo kaina. "Malam Sale, wa ke da gaskiya?"

"Ranki ya daɗe, mitata ba ta auna wannan. Abin da na gani na faɗa. Ki bar ni in ga ko za ta tashi."

Na kwance murfin a gabansu. Na zare babbar wayar fawa-fak daga allon ciki, na sa guntuwar wayata na haɗa koriyar waya da baƙa, wanda haka ake tayar da shi shi kaɗai. Na mayar da jan makunnin wurinsa, na jona. Fanka ko motsi. Ya mutu. Na cire shi na ajiye a kan tebur. Na bi allon da tocila ina neman baƙin tabo ko abin da ya kumbura, ban gani ba, amma ido ba ya ganin komai. Na sa nawa fawa-fak. Kafin in kunna, na zare wayoyin had-dis, wato rumbun da kwamfuta ke ajiye duk abin da aka rubuta. Ku riƙe wannan: in ba ku tabbatar da lafiyar allo ba, kada ku bar rumbun mutane a jone. Allo ana saye a kasuwa, aikin shekara bakwai ba a sayensa.

Na danna. Fanka ta juya, amma sikirin baƙi ƙirin, kwamfutar kuma ta shiga kuka, ƙii, ƙii, ƙii, ba tsayawa.

"Ka gani ko," in ji Malam Nasiru. "Na faɗa."

Na kashe. Irin wannan kuka yawanci na ram ne, wasu 'yan siraran alluna biyu da ke tsaye a ciki. Wataƙila jan da na yi wa wayoyi ne ya girgiza su, wataƙila kuma wutar ta taɓa su, ban sani ba a lokacin. Na zare su, na goge bakinsu da robar fensir har ya yi haske, na share ramin da burushi, na mayar da guda ɗaya kawai. Na danna. Ƙit, sau ɗaya, rubutu ya fito a sikirin. Na kashe, na ƙara na biyun, ya sake tashi. Sannan na kashe na jona rumbun, na kunna, na kwantar da kunnena a jikinsa. Rumbun da ya lalace yana ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kwano. Wannan sai ya ɗauki juyi sumul.

Da hoton makarantar ya bayyana a sikirin, Rifkatu ta zame ta zauna a ƙasa, ta ce, "Na gode, Yesu."

Hajiya ta ja kujera gaban kwamfutar da kanta, ta sa aka kawo takardun makin malamai na ajin da ake ƙorafi. Ta ce mini in duba mata ranar da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe, da sa'ar. Na duba agogon kwamfutar, na ga yana nuna wata shekara da ta wuce tuntuni. Ƙaramin batirin ciki mai kama da kwabo ya daɗe da mutuwa. Na ce mata kada ta dogara da wannan agogo a kan kowa, ba shi da hankali. Sai ta koma gwadawa da ido, suna bayan suna, yatsa ɗaya a takarda, ɗaya a sikirin. Ni kuma ina ɗaure wayoyi a hankali, don ban ga dalilin sauri ba.

Ta sami wurare da makin kwamfuta ya fi na takarda, ba da kaɗan ba.

"Rifkatu, ke kike shigar da maki."

"Ni ce, Hajiya."

"To?"

Malam Nasiru ya ce, "Ni dai takardun malamai nake miƙa mata yadda suke. Abin da ya faru bayan nan, ita ta sani."

Rifkatu ta tashi daga ƙasa. Ta ɗauko jakarta, ta zuge wani ƙaramin aljihu na ciki, ta fito da takarda da aka yaga daga littafin rubutu, an ninke ta huɗu.

"Sati biyu da suka wuce ya kawo mini wannan, ya ce gyara ne, malamai sun yi kuskuren tarawa. Ya ce in na shigar in yaga. Na shigar, amma ban yaga ba."

Hajiya ta karɓa ta buɗe. Daga inda nake tsaye ina hango ta: jan biro, layi huɗu, kowane layi da suna da maki. Ta karanta na farko da ƙarfi, ta dubi sikirin. Ta karanta na biyu, ta karanta na uku. Sai ta tsaya. Ta ninke takardar ta sa a jakarta.

"Malam Nasiru, jira ni a ofishina."

Ya fita. Bai ko dube ni ba.

Na sa sabon batiri, na daidaita agogo, na ɗiga gam a kan jan makunnin sabon fawa-fak yadda ba mai sake tura shi. Na sa Rifkatu ta kwafe sakamakon gaba ɗaya a filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ake sokawa a kwamfuta, guda biyu a gabana, ɗaya nata ɗaya na Hajiya. Da na zo tafiya Hajiya ta biyo ni har baranda, ta rage murya.

"Malam Sale, ina so ka rubuta mini 'yar takarda ta aikin da ka yi, saboda kwamitin iyaye. Ka sa wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙona."

"Ranki ya daɗe, zan rubuta fawa-fak ya ƙone na canja. Wannan gaskiya ne."

"Ka ƙara da maganar wutar."

"Ban ga haka ba."

Ta dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ta ce Allah ya saka da alheri. Na rubuta layi ɗaya na sa hannu. An raba kati ranar Juma'a kamar yadda aka tsara. Malam Nasiru ya ƙarasa zangon, daga nan aka ce ya sami wani aiki a Gombe. Hajiya Talatu kuwa ba ta sake kirana ba, ko da firintarsu ta lalace wani ta nema.

Bayan kamar wata takwas na haɗu da Rifkatu a Muda Lawal, layin masu hatsi, tana auna gero. Muka gaisa, ta ce ta bar makarantar da kanta, yanzu tana ɗakin ajiye katin marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Na tambayi yarinyar da ubanta ya yi ƙorafi. Ta ce an gyara, amma ta biyu ta zo, ba ta ɗaya ba.

"Ba huɗu aka ɗaga ba?" na ce.

"Uku aka mayar, Baba."

"Na huɗun fa?"

Ta dubi mai awo, ta jira ya juya ya ɗebo wani kwano. "Ɗan ƙanwar Hajiya ne."

"Hajiya ta san da maganar tun farko?"

"Ban tambaya ba." Ta ɗaure bakin buhunta, ta ɗora a ka. "Amma kafin in miƙa mata takardar nan, na riga na ɗauki hotonta a waya. Ta sani, don na gaya mata ranar da zan tafi. Takardar shaidar aiki da ta rubuta mini, Baba, ko 'yarta ba za ta rubuta wa irinta ba."